Dogon Hannu Ya Ƙwanƙwasa Tukunya

Ƙiriniya yakan bugi ƙirji ya ce bai taɓa yin wasan da ya hana shi barci ba. "Ni fa in na gama tsiyata, gida nake wucewa in kwanta har da minshari," haka yake faɗa a bakin famfo, ma'aikata suna dariya. Furfura ta fara cin gemunsa, amma sunan yarinta ya ƙi sakinsa. Shi ne ya ɗaure takalman mai gadi da waya yana gyangyaɗi. Shi ne ya sa mataccen ƙadangare a aljihun direban kamfani.

To, a wannan makon dai barcin ya yi masa yaji.

A masana'antar tukwanen ƙarfe suke aiki. Shi aikinsa cusa tukwane a kwali. A bara aka kawo wata na'ura mai hannu ɗaya, doguwa, ruwan lemo, wadda ke liƙa wa tukwane mariƙi. Dogon Hannu suke ce mata. Tana da ido na kyamara, tana gane tukunyar da ta karkace, kuma koyo take yi kamar mutum. Injiniya, matar da ke kula da ita, ta taɓa nuna musu: in ka danna koren maɓallin da ke wuyanta, sai ta yi laushi, ka ja ta yadda kake so, ta haddace motsin. An zagaye ta da layin fenti rawaya a ƙasa, an ce duk wanda ya ƙetare tana aiki, ya nemi wani wurin cin abincin.

Kafin zuwanta, Baba Walda ne a wannan teburin. Yana da wata ɗabi'a: ba ya taɓa tukunya da wuta sai ya ƙwanƙwasa gindinta, ya karkata kai yana saurare, hannunsa na ɗan rawa. Da aka kawo na'urar aka mayar da shi shara. Bai daɗe a sharar ba ya kwanta, ya cika. Autarsa ce ta shigo aiki a madadinsa, tana goge tukwane, ita ke riƙe da tsohuwa, mahaifiyarta, a gida. Kawu take kiran Ƙiriniya, don ya goya ta tana yarinya.

Wata rana da aka fita cin abinci, shaiɗan ya raɗa wa Ƙiriniya. Ya danna koren maɓalli, ya kama wuyan Dogon Hannu, ya koya mata ƙwanƙwasa gindin tukunya, da karkata kai, da 'yar rawar hannun nan. Yana yi yana toshe baki. Mai gadi yake hari, don mutumin ko kyanwa ta yi tsalle sai ya kama salati.

Aka dawo aka kunna injina. Ƙwas, ƙwas. Na'ura ta karkata kai.

Mai gadi kam ya tsere har da yar da hula. Amma Auta ba ta gudu ba. Tsumman hannunta ya faɗi. Ta ce, a hankali, "Baba?"

Dariyar da Ƙiriniya ya tanada ta bi ruwa.

Tun daga ranar Auta ba ta koma daidai ba. Takan bar teburinta ta tsaya a bakin layin rawaya tana gaya wa na'ura labarin gida: tsohuwa ta sha magani, rufin ɗaki ya daina yoyo. Sai ta fara ƙetarewa. Yau da hantsi hannun ya wuce ta gefen kunnenta har ya ɗage mata ɗankwali. Manaja ya fito yana kumfar baki, ya sa aka tsayar da na'urar, ya ce in ta sake taka layin nan ko da babban yatsa ne, ta kwashe kayanta.

Da rana ta sami Ƙiriniya a wajen kwalaye, idonta jajir.

"Kawu, kai ka fi kowa saninsa. Shi ne, ko?"

"To... Allah ne masani, 'yata."

Ya ji kalmar ta yi masa ɗaci a baki. Ya ƙudura a ransa, yau zai warware abin da ya ƙulla, ba tare da kowa ya sani ba. Zai danna maɓalli, ya sake koya mata aikinta na asali, shi ke nan.

Da magariba aka tsayar da injina duka, kowa ya nufi bayan sito don salla. Ƙiriniya ya ce cikinsa na murɗa. Ya zagaya ya shigo ta ƙaramar ƙofa.

Bai taɓa jin wurin shiru haka ba. Ƙarafan rufi suna ɗan ƙara, suna hucewa daga zafin rana. Wani famfo na ɗiga can ciki. Hasken da ya rage ja ne, yana shigowa ta tagogin sama, ya kwanta a kan tukwanen da aka jera, kowace da bakinta a buɗe.

Dogon Hannu na tsaye, kai a sunkuye. Babu wutar da ke ci a jikinta. Allon da ke gefe ne kawai a kunne, wanda ke nuna hoton wurin, ya zana akwati fari a kan duk mutumin da ya matso.

Ya ƙetare layin. A allo, akwati ya fito a kansa.

"To, sarauniya," ya raɗa, yana ƙoƙarin yin dariya. "Wasa ya ƙare."

Ya danna koren maɓalli. Bai kama ba. Ya sake dannawa. Ƙarfen ya yi sanyi kamar an ciro shi daga rijiya.

Sai ya ji wari.

Ba warin walda ba. Man zafi ne, irin wanda Baba Walda ke shafa wa gwiwoyinsa kullum kafin ya zauna. Warin ya cika masa hanci har idonsa ya kawo ruwa.

Ya ɗaga kai ya dubi allo.

Akwati biyu ne.

Ɗaya a kansa. Ɗayan a ɗaya gefen teburin, gajere, a ɗan duƙe. Babu kowa a cikinsa.

Ya dubi wurin da idonsa. Kujerar katako ce kawai, wadda aka manta ba a ɗauke ba.

Kujerar ta yi ƙara, kamar an zauna.

Bakinsa ya nemi addu'a, duk wadda ya kamo sai ta tsinke a tsakiya.

A allo, akwatin ya miƙe. Ya fara zagayo teburin. A hankali, yana ɗingishi.

Dogon Hannu ta ɗaga kai.

Babu ƙarar inji a cikinta. Babu hucin iska. Haka kawai ta tashi, shiru, ta juyo da idonta gare shi. Yatsun ƙarfen suka buɗe. Suna rawa.

Suka sauka a ƙirjinsa.

Ƙwas. Ƙwas.

Ta karkata kai, ta kawo shi daf da haƙarƙarinsa, tana saurare.

Wannan bai koya mata ba.

Ya juya zai zura da gudu. Yatsun suka cafke wuyan rigarsa ta baya. Aka ja shi. Dugadugansa suka bar ƙasa. Maɓallin riga ya shige masa maƙogwaro, numfashi ya fara gagara. A bayan kunnensa ya ji hucin wani, mai ɗumi, mai warin man zafi.

"Ɗana," aka ce, ƙasa-ƙasa. "Yarinyar."

Nan Ƙiriniya ya ɓarke.

"Baba, ka yafe ni! Ni ne! Wallahi ni na koya mata! Ni na danna, ni na ja ta, mai gadi nake so in tsorata! Ban san Auta za ta ɗauka kai ne ba! Ta tambaye ni na yi mata ƙarya! Baba, don Allah, ina da yara!"

Ya ɗaga hannuwa sama, ya sulale. Rigar ta yage ta fita ta kansa. Ya faɗi da gwiwa, ya rarrafa, ya ƙetare layin da ciki kamar ƙadangare.

Fitilu suka kama gaba ɗaya.

Ya ɗago. Takalma ya fara gani, da yawa, wasu da danshin alwala. An idar da salla. Duk suna tsaye a bakin babbar ƙofa: mai gadi da hannunsa a kan makunni, direba, matan goge tukwane, Manaja. Ba wanda ya yi dariya. Mutumin da ya yi shekaru yana neman dariyar wurin nan, ga shi tsirara daga wuya zuwa cibiya, tumbi a ƙasa, kuma ko tari babu wanda ya yi.

Injiniya ta matso, tana kallon na'urar da ke tsaye hannu a sama, riga na lilo a yatsunta. Ta zaro ɗan makulli daga aljihu, ta dube shi, ta dubi akwatin wutar da ke jikin bango. Kwaɗonsa na nan a rufe.

"Tun da hantsi na yanke mata wuta," ta ce. Muryarta ba ta fita sosai ba.

Mai gadi ya fara salati. A allo, akwati ɗaya ne ya rage, kuma na Injiniya ne.

Mutane suka dare, Auta ta fito daga tsakiyarsu. Ta taka har bakin layin rawaya, ta tsaya. Ta daɗe tana kallon na'urar. Manaja ya buɗe baki, ya rufe, don ƙafarta ba ta taɓa fentin ba. Ta goge fuskarta da bayan hannu, ta ja da baya.

Ƙiriniya ya ce, "'Yata..."

Ta ɗauki wani buhun kwali da ba komai a ciki, ta ajiye a gabansa, ba ta dubi idonsa ba.

"Malam," ta ce, "rufe jikinka. Akwai mata a nan."