Taken Gidan Kaka Ma'u

Ranar da Batul ta fara ganin Ubaidullahi, da haɓa yake ƙoƙarin danna waya. A keken guragu aka turo shi shagonta na gyaran waya a Zongo, ya ce allon ne ba ya jin magana. Ta duba, allo lafiya lau. Hannayen ne suka daina ji, tun da kaya suka faɗo masa a tashar jirgin ruwa. Ta saita masa wayar ta riƙa rubuta abin da ya faɗa, shi kuwa da Batul ɗin ya fara gwadawa:

"Mai gyara, merci, na gode. Akwai sauran abin da ya lalace, amma ba a waya yake ba."

Daga nan fa waya ta shiga lalacewa duk mako, har Batul ta daina tambayar abin da ya same ta.

Da maganar aurensu ta taso, Kaka Ma'u, wadda ta raini Batul, ba ta iya cewa a'a kai tsaye, sai ta zagaya. Ta ce ai yaron ɗan makaɗin gidansu ne, kuma tun rasuwar ubansa ba ta ƙara jin taken mahaifinta a kalangu ba. Ya kaɗa mata da kansa, ta ba shi Batul. In ba haka ba, ga Inoussa mai shago a unguwar Totsi yana jira. Kowa ya gane nufinta.

Batul ba ta haƙura ba. Ta ɗauki sautin kalangu ta zuba a kwamfuta, ta haɗa da kyamara mai bin motsin kai, duk gyaɗawa ɗaya bugu ɗaya. Wata biyu suna gwaji kafin su kai wa tsohuwa. Kaka ta saurara har ƙarshe, ta ce wannan ruwan sama ne a kan kwano, bai kira sunan kowa ba.

A hanya Ubaidullahi ya gaya mata abin da makarantar boko ba ta koya mata ba. Kalangu da hammata yake magana, a matse igiyoyin murya ta hau, a saki ta sauka. Tun farko ya sani, ya kasa faɗa ne don ganin yadda take murna. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Ma chérie, masoyiyata, kin yi iyakar yinki. Ba ni da hammatar da zan matsa. Ki bi maganar Kaka, na yafe."

Ta zauna a shago wayoyin mutane jibge a gabanta, ta kasa taɓa ko ɗaya. Abin ya yi mata ciwo, ga shi ba wanda za ta ɗora wa laifi. Da ta je ba shi haƙuri, sai ya ja doguwar ajiyar zuciya. Ta tsaya tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

Siririn bututu ta ƙara wa na'urar. Ya hura da ƙarfi murya ta hau, ya sassauta ta sauka. Jiri ya sha ɗibarsa kafin ya iya haɗa kai da numfashi.

Karo na biyu Kaka tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Can sai hannunta ya tsaya. Leɓɓanta suka fara bin kiɗan, tana ambaton sunan mahaifinta da na garin da suka baro.

"Ubanka yana jan ƙarshen fiye da haka," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Ka gyara kafin ranar biki. Allah ya yi muku albarka."

Ranar Asabar da aka fito da amarya, mata suka yi ta waige suna neman makaɗi. Ango ne a ƙofar gida, bututu a baki, gumi ya jiƙa masa babbar riga. Batul ta rage tafiya a ƙarƙashin lulluɓi, don ya samu numfashin jan ƙarshen.