Allon Shugaban Leburori

Allon ya yi ƙyaf, ya kawo shuɗin haske, ya sake mutuwa. Malam Tanimu mai gyaran kayan lantarki ya ɗaga ƙarfen sodan da yake liƙa waya da shi, ya hure hayaƙin.

Abin bai fi tafin hannu ba. A jujin Birnin Sama aka tsinto shi, inda masu gidajen gilashi ke zubo wa mutanen ƙasa tarkacensu. Irinsa shugabannin leburori ke riƙewa. Kowane lebura na sanye da munduwa mai lamba, allon kuma na nuna bugun zuciyarsa. To, Hansatu 'yar Tanimu tun da ta hau can wankin injuna, ko gaisuwa ba a sake ji ba. Lambar munduwarta kaɗai ya haddace.

Kamfani ya kankare duk rubutun bayan allon, sai ƙafafun ƙarfe sirara jere kamar haƙoran matsefi. Tanimu ya bi su da mitar gwajin wuta ɗaya bayan ɗaya: wannan ta wuta, wannan ta hoto, wannan ta kamo saƙo.

Gambo mai shagon kusa ya leƙo yana sakace.

"Tsoho, har yanzu? Yarinya ta ci abincin sama ta manta da ku. Kawo in cire tagullar."

"Je ka ji da matattun batiranka."

Ya haɗa wayoyin, ya danna lambar. Sai ga koren layi yana tashi yana faɗuwa, a ƙasansa an rubuta: Hansatu Tanimu, tana bakin aiki.

"Tana da rai! Zo ka gani, ɗan baƙin ciki!"

"Na gani. Rufe haka nan."

Amma saura ƙafa ɗaya. A sana'arsu kuwa abin kunya ne mutum ya bar ƙafa bai san aikinta ba. Dangwala mata wuta ake yi a ga abin da za ta yi.

"Ta magana ce, wallahi," in ji Tanimu.

Ya dangwala. Layin ya yi tsalle.

"Ka gani? Ta ji ni!"

Ya danne wayar da babban yatsa, ya kai baki jikin gilashin. "Hansatu! Babanki ne!" Layin ya haukace, yana sama yana ƙasa, shi kuwa yana dariya har da hawaye, ya ƙi ɗaga yatsan. Can layin ya kwanta, ya miƙe samɓal.

Rubutu ya fito: Horon lantarki ya wuce kima. Zuciya ta tsaya. Munduwa ta saki. A turo wata ma'aikaciya.

Gambo ya karanta, ya tofar da tsinken bakinsa.

"Kai dai ka iya aiki, Tsoho."

Tanimu bai ɗago ba. Ya ɗauki mita, ya koma kan ƙafar farko, yana neman inda allon ya lalace.