Hannun Kafinta

Lauya ta cire tabarau ta ajiye a kan tulin takardu, sannan ta tura wata takarda gaban Auta da ɗan yatsa ɗaya.

"Karanta layin ƙarshe, ƙanwata."

Auta ta karanta, ta sake karantawa. Likitan kamfani ya rubuta cewa hannun majinyaci na dama ya warke sarai, zai iya komawa bakin aikinsa.

Ta juya ta dubi Kafinta, saurayinta na shekara uku. Yana zaune ya sunkuyar da kai, hannun nan yana kan cinyarsa yana ɗan rawa kamar kullum. Yanzun nan a bakin ƙofa sau biyu biro ya suɓuce masa kafin ya rubuta sunansa a littafin baƙi.

"Ƙarya ce," in ji Auta. "Sayen likitan suka yi."

"Da hakan ne da na ji daɗi," Lauya ta ce a gajiye. "Tambayi mutuminki."

Kafinta bai ɗago ba.

"Ni na ce masa na warke..."

Wata bakwai ke nan da katakon da yake tsaye a kai ya karye a hawa na biyu na wani sabon bene. Babu igiyar kariya a ƙugunsa, don foman ɗinsu, wato shugabansu a wurin aiki, ya ce ɗaura igiya ɓata lokaci ne. Ya faɗo a kan hannunsa, ƙashi ya haɗe daga baya, jijiya ta ƙi. Tun daga ranar Auta ba ta huta ba. Ta riƙa rufe shagon ɗinkinta tana hawa matakalar wannan ofis da ake taimaka wa ma'aikata kyauta, ta lallaso leburori biyu suka yarda su ba da shaida, ta samo hoton ruɓaɓɓen katakon. Takalma biyu ta kashe a yawon neman diyyarsa. Ga shi yau shi da bakinsa ya zubar da komai.

"Saboda me?" in ji Auta.

"Babanki ya ce in kawo masa takardar likita cewa hannun ya dawo, sannan a sa rana. Na sha maganin kashe zafi har huɗu. Likitan ya ce ɗaga, na ɗaga. Ya ce da ciwo? Na ce babu. Ko kallona bai yi sosai ba."

Lauya ta yi ɗan murmushin takaici.

"Ina zai kalle ka, ka kawo masa abin da yake nema har gida? Ku saurare ni. Zan iya roƙon kotu ta tura ka wurin wani likita wanda ba na kowa ba. Amma can sai ka faɗi gaskiya. Takardar da za ta fito za ta ce hannun ba zai sake riƙe guduma ba. Da ita za a biya ka. Ba zan zaɓa muku ba, ku je ku yi shawara."

A kan matakala Auta ta yi gaba abinta, yana biye da ita a hankali.

"Autata... tsaya mana."

Ta tsaya ba don ta huce ba, ƙafafunta ne suka gaji. Ta zauna a kan matakalar, ko ƙurar ba ta kakkaɓe ba.

"Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Foman ɗinku ya je gidanmu da sunan jaje, ya ce wa Baba hannunka ya mutu. A kotu kuma ya rantse lafiyarka ƙalau. Ka taimaki mutum mai harshe biyu a kan kanka."

"Na san abin da ya kai shi gidanku. Tun ranar da kika kawo min saƙo wurin aiki yake tambayar 'yar waye ke."

"To sai me? Ni kayan gini ce da za a sauya wa mai saye?"

Ya zauna nesa da ita kaɗan.

"In na rasa diyya, zan rayu. In na rasa ki fa?"

Ga shi dai magana ce mai daɗi, irin wadda da can takan hana ta cin abinci don murna. Yau kam tausayi kawai ta ba ta, da haushi.

"Masoyi, ranar da aka kai ni gidanka, wa zai ɗaure ma maɓallin riga? Takardar? Ni zan zauna da hannun nan, ba Baba ba. Na gaji da zirga-zirga, na gaji da kuka, amma ban gaji da kai ba. Ƙarya ce kawai ba zan iya ɗauka ba."

"In Baba ya hana fa?"

 Ta san mahaifinta. In ya ce a'a, ko limami ya zo sai ya koma da kunya.

"Ka je wurin likitan," ta ce. "Sauran mu bar wa Allah."

Bayan sati uku sabon likita ya duba shi, ba gaggawa. Ya soka masa tsinke a yatsu uku, bai ji ba. Ya ba shi guduma ya ce ya riƙe, kafin a ƙirga goma ta faɗi ƙasa. Kafinta ya daɗe yana kallonta a ƙasan, abin da ya riƙe tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Da Lauya ta ga takardar ta ce yanzu kamfani da kansu za su nemi sulhu. Ba wanda ya yi murna a cikinsu.

Ranar asabar da hantsi ya zo gidan su Auta. Baba yana kan kujerarsa ta falo, matashi biyu a bayansa kamar yadda ya saba. Tsohon magini ne, tun Auta tana goye yake tafiya a ranƙwafe. Umma tana gefe tana ninke kayan wanki. Auta ta tsaya jikin labule.

Kafinta ya durƙusa ya gaishe su, ya ajiye takardar a gaban Baba.

Baba ya karanta a hankali, leɓɓansa suna motsi. Ya ninke ta.

"Ba wannan na ce ka kawo ba."

"Akwai wata, Baba, wadda ta ce na warke. Ƙarya na yi aka rubuta ta."

Baba ya yi ajiyar zuciya.

"Yaro, ba ƙinka nake ba. Na san abin da ake nufi da namiji ya zauna. Ka ga uwarta can? Shekara ashirin da biyar tana ɗauke da gidan nan saboda bayana. Ba zan ga 'yata ta sha abin da ta sha ba."

Umma ba mai sa baki a maganar maza ba ce. Ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Malam, ka yi haƙuri, amma ba bayanka ne ya wahalar da ni ba."

Kowa ya juyo.

"Ranar da bulo ya danne ka, mutanen kamfani sun zo asibiti da takarda. Ka ce ƙaddara ce, ka yafe, ka dangwala musu yatsa. Likita ya ce ka kwanta wata shida, ka tashi a sati uku don kada a ce ka kasa. Duk wanda ya tambaye ka sai ka ce da sauƙi. Ni nake jin nishinka. Da ka faɗi gaskiya sau ɗaya, da an yi maka aikin da ya kamata, da yau kana tafiya a miƙe." Ta share ido da gefen mayafi. "Yaron nan ya yi abin da na roƙe ka ka ƙi."

 Auta ba ta taɓa jin wannan labari ba, kuma ba ta taɓa ganin mahaifinta ya rasa ta cewa ba. Ya daɗe yana kallon takardar a cinyarsa. Can ya gyara matashin bayansa, ya cije leɓe don zafi, wannan karon bai ɓoye ba.

"Ya hannun?" ya tambaya.

Auta ta ga bakin Kafinta ya soma haɗa amsar da kowa yake bayarwa. Ta damƙe labulen.

Ya haɗiye amsar.

"Babu sauƙi, Baba. Yana hana ni barci, kuma likita ya ce ba zai dawo ba. In an biya ni zan buɗe ɗan shago, in koyar da aikin. Idona bai manta awo ba."

Baba ya jinjina kai. Wannan mutum ya taɓa korar yayan Auta daga falo don ya miƙo masa kofi da hagu. Yau shi ne ya janye damansa, ya miƙa wa Kafinta hannun hagu.

"Kama da mai ƙarfin," ya ce. "Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Kafinta ya kama da hagunsa.

Auta ta saki labulen ta sulale ta zauna a ƙasa. Hawaye suka zubo mata, ko hannu ba ta ɗaga ta share ba. Umma ta matso ta jawo kanta ta ɗora a cinyarta.

"Kwanta, Auta," ta ce. "Kin sha tafiya."