Zuma a Reshen Dalbejiya

Ranar Talata da safe, ɗaliban wata makarantar firamare a Fagge suka ga abin mamaki. Ƙudan zuma ne suka dunƙule a reshen dalbejiya, sun kai girman tulu.

Malama Philomena ta gargaɗi 'yan aji biyar. "Kada kowa ya je wurin. Hutawa suke yi kafin su sami sabon gida. Mun kira mai kiwon zuma."

A ajin akwai wata yarinya mai son gwada komai. Da aka tashi tara, ta ja hannun ƙawarta Amarachi.

"Zo mu gani. In na taɓa guda ɗaya, sauran za su tashi?"

"Malama ta hana fa," in ji Amarachi.

"Ɗan ƙaramin dutse ne kawai."

Ta jefa. Nan take dunƙulen ya watse. Guda ɗaya ya harbi Amarachi a gefen ido, sai wasu suka biyo shi. Yara suka yi ta gudu suna ihu.

Yarinyar ta ruga aji ta rufe ƙofa. Tana jin Amarachi tana kiran sunanta, amma ba ta buɗe ba.

Aka kai Amarachi asibiti. Hedimasta ya tambayi wanda ya yi jifa. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

A gida ta kasa cin abinci. Mahaifiyarta, Hajiya Mulikat, ta ce, "Ƙawarki ce ke damunki? Tashi mu je mu duba ta."

Bayan la'asar suka hau adaidaita zuwa gidan su Amarachi a Sabon Gari. Idon Amarachi ya kumbura har ya rufe. Mamanta ta kawo musu lemo.

"Sannu, 'yata," ta ce. "Ke ce ta farko da ta zo. Amarachi ta ce ba ta ga wanda ya yi jifan ba."

Yarinyar ta ajiye lemon. Ta fashe da kuka.

"Mama, ni ce. Kuma na rufe mata ƙofa."

Hajiya Mulikat ta ce, "Matso kusa da ita. Ita za ki ba haƙuri."

Yarinyar ta durƙusa a gefen gado. "Ki yafe mini."

"Ƙofar ta fi harbin yi mini zafi," in ji Amarachi. Can ta miƙo mata hannu. "Na yafe."

Washegari yarinyar ta tsaya a gaban aji ta faɗi gaskiya. Malama ta sa ta sharar fili na mako guda, da kwafa wa Amarachi darussan da ta rasa.

Malam Goni, mai kiwon zuman da ya kwashe ƙudan zuman a akwati, ya shigo ajin. Yarinyar ta ɗaga hannu da ƙyar.

"Malam, me ya sa suka taru a kan mutum ɗaya?"

"In ɗaya ya yi harbi, yakan bar wani wari a wurin," in ji shi. "Na kusa su ji warin su zo, na bayansu su biyo su. Ba shugaba ne ya tura su ba. Guda ɗaya ne ya fara."

Malama ta dubi ajin. "Kun ji? Abin da mutum ɗaya ya yi yakan shafi jama'a da yawa. Ku yi tunani kafin ku aikata. In kun yi kuskure kuma, ku faɗi gaskiya da wuri."

Ranar Litinin Amarachi ta dawo, idonta ya warke. Ta wuce kai tsaye ta zauna kusa da ƙawarta.

"Matsa mana," ta ce tana dariya. "Kin cinye bencin."