Almakashin Lokotoro

Da hantsi lokotoro, Baturen likita, ya duba farantin kayan aikinsa a gidan likita na Magaria, babu almakashin. Ɗan mitsitsi ne, mai lanƙwasasshen baki. Da shi Bature yake gyara fatar idon masu amodari, waɗanda gashin ido ya juya ciki yana kankare musu gani. Shi kaɗai gare shi, gobe kuma motar Damagaram za ta ɗauke lokotoron, sai baɗi.

Kumandan, Baturen mulkin garin, ya turo gardi Muttaƙa, dogarinsa, ya bincika. Uwar Muttaƙa, Yakura, tana cikin masu jira a gindin tsamiya, ido ɗaya ya riga ya tafi. Ya wuce ta bai ji komai a ransa ba. Aikin gardi ya daɗe da kashe masa wannan wurin.

Ya fara da Altine, mai dafa wa lokotoro kayan aiki.

"Yaushe ka gan shi?"

"Jiya da la'asar, lokacin da ake duba idon matan nan. Caje ni."

Ya caje shi har hula, babu.

Sai Baƙo wanzami, wanda aka ce Bature ya ƙwace masa mutane.

"Jiya ina Dungas wurin suna, ranka ya daɗe. Ka tambayi duk garin."

Direban kumandan ya ce a can ya gan shi.

Saura matan. Muttaƙa ya bi layi yana ɗaga musu fatar ido. Kowa ya san mai amodari tuge gashin take yi da matsefata, wurin ya zauna fili. Haka ya gani har ya iso kan uwarsa. Nata an datse shi daidai wa daida, kamar kututturen gero bayan girbi. Aska ba ta shiga nan, almakashin tela ma ya yi girma.

"Inna, wa ya taɓa idonki?"

"Ɗela, Allah ya yi mata albarka."

Ɗela ƙanwarsa ce, ita ta ja tsohuwar ciki jiya. Ba ta yi gardama ba, ta kwance haɓar zane, ta fito da almakashin.

"Aro na yi, Yaya. A kan gashi za a bari Nasara ya tsaga idon Inna? Ga shi. Har na wasa masa shi a dutse, kada ya ce mun mai da masa kaya da dakushi."

Lokotoro ya ɗaga almakashin a haske, ya rufe. Bakunan ba su haɗu ba. Ya yi magana a hankali, Altine ya fassara: bana babu aiki ga kowa. Gashin da aka datse kuma da tsini zai fito.

Muttaƙa ya sa Ɗela a gaba, suka nufi wurin kumandan. Tsohuwar ta ɗaga murya daga gindin tsamiya.

"Muttaƙa, yau idon ko ruwa bai yi ba! Na warke ko?"

"To, Inna," ya ce, bai waiwaya ba.