Ledar Jinin Sahabi

Salamu alaikum mutanena, masu data da masu leƙen wayar maƙwabta. Ku gyara zama, yau da zafinsa na kawo muku.

Lokacin korona ne Zuwaira ta tare keke napep ɗin Sahabi a Gusau, fuska rufe da takunkumi, idanu kawai a waje. Sahabi ɗan Tsafe ne, bakinsa ya fi kekensa gudu.

"Hajiya, nan gidan zan sauke ki, ko mu wuce wurin Baba kai tsaye?"

"Malam, kalli titi."

Bai kalla ba, sai da ya kusa hawa kan akuya. Dariyar da ta yi ce ta ba shi lambar waya.

Wata uku ana soyayya. Yana rubuta mata: "Zuzuna, yau fasinja goma na ɗauka, ba mai idonki. Na yi asarar mai."

Mahaifinta, Malam Labbo na Bungudu, shi Mahadi yake so, mai shagon takin zamani.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Zuwaira, ya shanye mata jini. Aka kawo ta asibiti a Gusau tafin hannunta fari fat. Sista Rifkatu, mai kula da ɗakin jini, ta buɗe firij ta nuna musu: wayam. Masu bayarwa sun gudu don tsoron korona, ɗan abin da ya rage an ƙara wa waɗanda aka harba a hanyar Tsafe. Yayyenta kuma suna can ƙauye, an rufe hanya.

Mahadi da Sahabi duk suna wurin. Rifkatu ta dubi Malam Labbo. "Baba, kai hawan jini gare ka. Cikin samarin nan wa zai kwanta?"

Malam Labbo ya ɗaga hannu. "Ku ji tun yanzu. Duk wanda jininai ya shiga jikin ɗiyata ya zama ɗan'uwanta, kamar sun sha nono ɗaya. Babu aure."

Nan take Mahadi ya tuna yana da taifot.

Sahabi ya tsaya a baranda kamar an kafe shi. In ya bayar, ya rasa ta. In ya hana, ya rasa ta. Ta taga yana ganin ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar. Ya nemi abin barkwanci a bakinsa, babu ko ɗaya.

Ya naɗe hannun riga. "Sista, ɗebi. Gara in riƙa gaishe ta a gidan wani."

Ana cire allura ya ja kekensa ya tafi, bai waiwayo ba.

Zuwaira ta warke. Saƙon farko da ta gani: "Sannu ƙanwata. Ki riƙa cin alayyahu."

Ta mayar: "Ƙanwarka tana Tsafe. Kar ka sake."

Har liman suka kai wa Malam Labbo, ya ce masa jini ba nono ba ne, aure halal. Tsoho ya ce, "Na ji, Malam, amma zuciyata ba ta kwanta ba." Ga Mahadi ya warke sarai, ya dawo zance da sabuwar shadda. Sahabi ya daina bin layinsu. Ita kuma ta daina fita, tana kallon jijiyar hannunta kamar ita ta yi mata laifi.

Ranar komawa ganin likita, ta shiga ɗakin jini idonta jawur.

"Sista, babu yadda za a cire shi?"

"A cire me?"

Da ta ji bayani, Rifkatu ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yarinya, jinin direbanki ai bai dace da naki ba! Wani tsoho ɗan Magami muka ƙara wa. Na fito in faɗa wa direban naki, ya riga ya tsere. Wanda ke jikinki nawa ne, ni na kwanta."

Ranar Asabar Rifkatu ta je Bungudu da kanta ta maimaita a zaure. Malam Labbo ya shafa gemu.

"To ke kin zama ɗiyata ke nan. Yaron ko, da ya san zai rasa ta kuma ya miƙa hannu, ku ce ya turo magabatanai."

Sahabi yana cikin ɗaukar fasinja saƙo ya shigo: "Ɗan keke, ƙanin naka tsoho ne a Magami. Ni matarka ce. Zo."

Fasinjojin nan a tsakiyar titi ya sauke su.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Rifkatu ta sha anko a sahun yayyen amarya, tana ta ba dangin ango umarni. Malam Labbo ya kama hannun Sahabi, daidai inda allura ta shiga, ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a masu lafiya."

Amin. To ku fa, 'yan uwa, tsakani da Allah: da ku ne a barandar nan, hannun riga za ku naɗe, ko taifot zai kama ku?