Ɗan Dakon Ƙarfe

Tanko maci amana ne. Na faɗa tun daga farko don kada wani ya karanta labarin nan yana nema masa uzuri. Shekara uku suna ci a kwano ɗaya da Ilisha a wata makarantar koyon sana'a da ke wajen Makarfi. Cocinsu ɗaya, bencinsu ɗaya a ƙungiyar mawaƙa. Amma ranar da yarinya ta kalli Ilisha ba ta kalle shi ba, sai ya manta da wannan duka.

A shekarar 1988 ne, soja na mulki, ana ta rage ma'aikata, kowa ya tsuke bakin aljihu. Aka aiko wa makarantar takarda cewa za a yi gasar ƙere-ƙere a Ikara. Abin da ake so shi ne inji mai ɗaga buhun masara daga ƙasa ya ɗora a bayan babbar mota, ba tare da hannun mutum ya taɓa buhun ba. Makarantar ba ta da ko sabon noti ɗaya. Malaminsu na walda, Malam Iliyasu, ya ce wa Ilisha da Tanko su je su nemo abin da za su iya samu.

Ranar kasuwa suka tafi Hunkuyi, garin su Tanko, wajen masu tsoffin ƙarafa. Da suka gaji suka zauna kusa da inda ake lodin hatsi, Ilisha ya shimfiɗa zanen injin a cinyarsa. Wata yarinya da ta kawo wa babanta abinci ta tsaya a kansu tana kallo. Rosaline ce, ɗalibar makarantar horon malamai da ta zo hutu.

Tanko ya riga kowa magana. "Rosa, kin dawo ba ki ko aiko ba?"

"Sannu, Tanko," ta ce, idonta na kan takardar. "Wannan mene ne? Zalɓe?"

Ilisha ya ɗago kai. "Inji ne. Zai riƙa ɗaga buhu."

"Ɗan dakon ƙarfe ke nan. Yana cin tuwo?"

"Batir yake ci."

"To ya fi babana tsada."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Tanko bai yi ba.

Lokacin babu waya a hannun kowa. Tanko ne ke zuwa gida kowace Asabar, don haka shi Ilisha ya riƙa ba wasiƙa. Ta farko ta ce:

"Rosa, tun ranar nan duk abin da na auna sai na sake aunawa, don hankalina ya tsaya a Hunkuyi. Na ƙona yatsana sau biyu. Idan kin ga laifina ne da na rubuto, ki yafe. Idan ba ki gani ba, ki amsa. Naki, Ilisha."

Amsa ta zo ranar Litinin:

"Injiniyana, ka daina ƙona yatsu, ina da bukatarsu. Na nuna wa Mama wasiƙarka, ta ce rubutunka na mai kunya ne. Yaya Zalɓe? Ka gaishe shi. Taka, Rosa."

Tanko ya kai biyu, ya kawo biyu. Kowace sai ya buɗe ya karanta a hanya, ya sake liƙewa. Kalmar "taka" ce ta hana shi sukuni. Ya san Rosaline tun suna yara, ya ɗauka wannan ya ba shi iko a kanta. Bai ba shi ba.

Daga ta uku ya daina kaiwa. Ya je wajen babanta, Baba Elias, wanda ya shekara ashirin da takwas yana dako a kasuwar, har bayansa ya lanƙwashe. Ya durƙusa ya gaishe shi doguwar gaisuwa, sannan ya ce, "Baba, abokina ne, amma ba zan ɓoye maka ba. Injin da yake ƙerawa, so ake a kawo shi kasuwa a sallami 'yan dako. Kuma shi ne ke rubuto wa Rosa."

A zamanin da kullum ake jin an kori wane daga aiki, wannan magana ba ta bukatar shaida. Baba Elias ya koma gida ya ce kada ya ƙara jin sunan yaron a bakin kowa.

Shi kuma Ilisha, Tanko ya dawo masa hannu wofi yana girgiza kai. "Ɗan'uwa, ka haƙura da ita. Kullum tana wajen motar wani direba, Sada. Har gaban motar na ga ta shiga."

Satin nan Ilisha bai ci abincin kirki ba. Yana riƙe da guduma yana ganin fuskar direban da bai taɓa gani ba. A ransa ya ba shi tsawo, ya ba shi agogo, ya ba shi haƙorin zinariya. Ya zauna ya rubuta:

"Rosaline, na ji labarin mai mota. Ni keke ma ba ni da shi. Allah ya ba da zaman lafiya. Ilisha."

Wannan kam Tanko ya kai ta da sauri.

Kwana uku bayan haka zanen injin ya ɓace daga akwatin Ilisha. Tanko ya je ya gaya wa shugaban makaranta cewa sun saɓa, yana so ya shiga gasar da nasa injin. Aka yarda masa.

Ilisha ya yi wauta da ya gaskata magana bai bincika ba, kuma ba zan wanke shi ba. Abin da ya cece shi shi ne kishin ya hana shi zama. Ranar kasuwa ya hau mota ya tafi ya gani da idonsa. Yana isa wajen lodi kuwa ya hango ta tsaye a jikin wata babbar mota, tana magana da direban, wani dattijo mai furfura da tumbi.

"Shi ke nan?" ya ce da ya iso. "Wannan ne?"

Rosaline ta juyo a hankali. Ta karɓi wani ƙullin tsumma daga hannun direban, ta jefar a gaban ƙafarsa. Ya buɗe. Tsohon injin waifa ne, mai goge gilashin mota, da guntun sarƙa.

"Sati uku ina bin Baba Sada ya cire mini su daga matacciyar motarsa," ta ce. "A wasiƙarka ta biyu ka ce su ne suka rage maka. Na rubuto maka sau biyar. Abin da na samu shi ne Allah ya ba da zaman lafiya."

"Biyu na gani."

"Ni ma biyu, sai ta zagin."

Suka tsaya suna kallon juna. Babu wanda ya ambaci sunan Tanko, don babu bukata. Ilisha ya gaya mata irin direban da ya riƙa gani a ransa.

"Rosa, ki yafe mini."

"Ban yafe ba tukuna. Har da haƙorin zinariya ka ba shi, ko?"

"Har da agogo."

Baba Sada ya ce shi dai da sun ba shi agogon da ya karɓa.

Ana cikin haka Baba Elias ya iso, gumi na zuba a wuyansa. Ilisha ya zube ƙasa yana gaisuwa. Tsohon bai amsa ba. Ya nuna wani buhun masara da ƙafa.

"Kai ne za ka raba mu da abincinmu? Ɗauki wannan ka sa a mota."

Ilisha ya kama kunnuwan buhun biyu, inda aka ɗinke bakinsa, ya fizga da duk ƙarfinsa. Buhun ya yage, masara ta watsu har ƙarƙashin mota. 'Yan dako suka fashe da dariya, wani ya ce a kawo wa injiniya tsintsiya.

"Sabon buhu ya ƙare a ƙasar nan," in ji Baba Elias. "Wannan ya yi kaka huɗu, faci ne a kan faci. Wanda ya kama shi a kunne bai taɓa dako ba. Ƙarfen naka a ina yake kamawa?"

Ilisha ya sunkuyar da kai. "A kunne, Baba. Da ƙugiya."

"To tsince masarar mutane ka tafi."

Ya tsince ta ƙwaya ƙwaya. Da ya gama bai tafi ba. Ya ce, "Baba, ka koya mini."

Asabar huɗu yana zuwa dako. Ya koyi yadda ake jingina buhu, a cusa gwiwa a ƙarƙashinsa, a rungume cikinsa, a mirgino shi kan baya. Kafaɗarsa ta saluɓe. A makaranta ya yanke ƙugiyar ya jefar. Ya ƙera faranti na ƙarfe mai shiga ƙarƙashin buhu kamar gwiwa, da hannu biyu da ya naɗe da tsohuwar tayar keke, su rungume shi a tsakiya.

Ranar Asabar ta ƙarshe ya roƙi tsohon ya zo Ikara. Baba Elias ya ce, "Zan zo. Idan ƙarfen nan ya zubar da ƙwaya ɗaya, kada ka sake tako ƙofata, kuma ka cire 'yata daga ranka. Ba na ba da 'ya ga mai ɓarnar hatsi."

Rosaline ta soka masa takarda a aljihu kafin ya hau mota:

"Injiniyana, na yafe rabi. Sauran yana Ikara. Kada ka yi sauri, Baba ya tsani mai sauri. Ina yi maka addu'a safe da yamma. Taka har yanzu, Rosa."

Aka yi gasar a filin wata makaranta, da hantsi. Makarantu shida suka zo, wani hafsan soja na zaune a babbar kujera. Masu shirya gasar ba su da sababbin buhuna, sai suka aro daga kasuwa, masu faci.

Tanko ne na uku. Injinsa ya sha fenti, yana da sabon batir da ya aro wajen kawunsa. Ya hangi Rosaline a cikin jama'a, ya gyara tsayuwa. Ƙugiya ta kama kunnen buhu, ta yi sama da shi da sauri, mutane suka fara tafi. Buhun na kaiwa daidai kan mutum ya yage. Masara ta zubo wa Tanko a ka, ta gangara har takalmin hafsan.

Na Ilisha ne na ƙarshe, ba fenti, duk tabon walda. Ya danna makunni. Farantin ya shiga ƙarƙashin buhun yana ƙara, hannuwan suka rungume shi, sarƙa ta fara ja. Abin ya yi ta tafiya a hankali har wasu suka fara hamma. A tsakiyar hanya ya tsaya cak. Rosaline ta damƙe gefen zaninta. Ilisha bai taɓa kome ba, ya jira. Sarƙar ta kama haƙorin ƙarfe na gaba, buhun ya ci gaba da hawa, ya kwanta a bayan motar.

Kafin alƙalai su ce wani abu Baba Elias ya ratso fili. Ya durƙusa ya duba ƙasa. Ya hau motar ya shafa buhun ciki da baya. Sannan ya sauko.

"Minti nawa ya yi?" ya tambayi Malam Iliyasu.

"Huɗu da rabi, Baba."

Tsohon ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ya yi ba. "A minti huɗu da rabi na loda shida, har na sha ruwa. Wannan ne zai kore mu?" Ya juya ga Ilisha. "Malalaci ne, amma bai zubar ba. Kuma yana ɗauka kamar yadda na koya maka. Ka turo manyanka, ɗana."

Ilisha ya durƙusa ya yi godiya. Rosaline ta rufe fuska da gyale, ta ce a hankali, "Na yafe sauran."

Injin Ilisha ne ya zo na ɗaya. Da alƙalai suka karɓi zanen kowace ƙungiya don ajiyewa, Malam Iliyasu ya juya na Tanko. A baya akwai sa hannun malamin kansa da kwanan wata, da sunan Ilisha da aka goge bai gogu sosai ba.

Bayan shekara guda, da aka gama girbi, aka ɗaura auren Ilisha da Rosaline a cocin su Baba Elias. 'Yan dakon Hunkuyi suka zo gaba ɗayansu da wankakkun riguna, suka ɗaga ango sama, wani yana cewa a kula kada a kama shi a kunne. Baba Sada ya kai amarya a gaban sabuwar motar da yake ja, ango na zaune a gefenta. Baba Elias ya ɗora hannu a kansu ya ce, "Ubangiji ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana. In kun ji magana a kan juna, ku tambayi juna kafin ku tambayi kowa." Jama'a suka ce amin.

Tanko bai halarta ba. An kore shi daga makaranta saura wata biyu jarrabawar ƙarshe, bai fita da takardar shaida ba. Dattawan coci suka sa ya tsaya gaban jama'a ya mayar da wasiƙun da ya ɓoye, suka cire shi daga ƙungiyar mawaƙa. Har ya bar Hunkuyi babu wanda ya sake ba shi saƙo ya kai.